Muhawara: Ɗaukar hoton rana da kyamara, ina haɗarin yake ga ido?

Ɗan Koyo: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambaya gare ni ga manyanmu. So nake in ɗauki hoton rana, ba faɗuwarta ba, ita kanta ƙwallon, har baƙaƙen ɗigon nan na jikinta su fito. Kyamarata DSLR ce, wato mai madubi a ciki da ake leƙawa, lensin mai janyo nesa ne, 300mm f/4. Abin da na tsara shi ne in tsuke ƙofar haske zuwa f/22, in sa saurin ɗauka a 1/4000 na daƙiƙa, in sa baƙin tabarau, in leƙa da hanzari in danna. Da matsala?

Baba Mai Hoto: Wa alaikumus salam. Ɗana, ajiye kyamarar nan tukuna. A duk abin da ka lissafa babu guda ɗaya da ke kare ido. Wannan f/22 da ka dogara da shi, a DSLR ƙofar ba ta tsukewa sai lokacin da ka danna. Kafin nan a wangale take, don ka samu hasken ganin abin da kake saitawa. Shi kuma 1/4000 na sensa ne, wato faifan da ke ɗaukar hoton a cikin kyamara, bai shafi idonka ba. Duk tsawon lokacin da za ka yi kana lalubar ranar kana gyara fokas, hasken yana ratsa lensi, madubi ya cilla shi sama, daga can ya fito ta kafar leƙe ya faɗa idonka.

Gogan Waya: Baba, da girmanka, amma ni ina ga ana zuzuta abin nan. Kullum duniya hoton rana ake yi. Ka shiga Instagram ka gani, rana ta fito, rana ta faɗi, rana ta bayan amarya. Wa ya makance?

Baba Mai Hoto: Waɗancan da lensi mai faɗi aka yi yawancinsu, ranar 'yar ɗigo ce a gefen hoto, kuma ta yi ƙasa. Yaron nan 300mm zai ɗora mata tana tsakiyar sama. Ba magana ɗaya ba ce.

Malamin Fiziks: Bari in sa lissafi a ciki don a daina ja-in-ja a kan iska. Lensi mai 300mm f/4, faɗin bakin da haske ke shiga shi ne 300 a raba 4, wato milimita 75. Ita kuma hudar tsakiyar baƙin ido, da rana tsaka ba ta wuce milimita 3 ba, takan ma gaza haka. Saba'in da biyar a raba uku, 25 ke nan. Da yake fili ake aunawa ba tsawo ba, sai ka ninka 25 sau 25, ka samu 625. Ma'ana lensin yana tara hasken da ya ninka wanda idonka ke tarawa fiye da sau 600, sannan ya dunƙule shi a wuri ɗan ƙarami. Girman hoton rana a bayan lensi kusan tsawon lensin ne a raba 110, to a 300mm ɗigo ne da bai kai milimita 3 ba. Duk wanda ya taɓa ƙona takarda da gilashin ƙara girman rubutu ya san abin da irin wannan ɗigon ke yi.

Injiniya_77: Malam, lissafinka daidai ne amma ka tsallake abu ɗaya. A DSLR hasken ba ya zarcewa ido kai tsaye. Yana fara sauka a kan wani ɗan allo mai dishi-dishi da ke saman madubi, shi ke watsa shi, ido kuma hoton da ke kan allon yake kallo. Don haka ba duka 625 ɗin ke shiga ba. Kuma a ƙa'idar kimiyya gilashi ba ya ƙara wa fuskar abu haske, girmansa kawai yake ƙarawa.

Malamin Fiziks: Na yarda, Injiniya, ba duka ke shiga ba. Amma ka duba abin da ƙarin girman yake jawowa. Idan ka kalli rana da ido tsirara, hotonta a bayan ido bai kai kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, naman da ke kewaye yana ɗan janye zafin. Idan gilashi ya faɗaɗa hoton, tsakiyarsa ba shi da inda zai sauke zafi, sai ya yi ta taruwa. Ga shi kuma ido tsirara yakan ɗan yi rawa, hoton ya gusa daga wuri zuwa wuri. Babban hoto ko ido ya motsa, tsakiyar gani tana cikinsa. Shi kuwa allon da kake magana, na roba ne a yawancin kyamarori, kuma irin wannan zafin yana iya narkar da shi. Ni ba zan jingina idona da abin da shi kansa ke narkewa ba.

Injiniya_77: Ban ce a leƙa ba fa. Cewa na yi a faɗi dalilin yadda yake.

Anti Nas: Ku bar ni in shigo ta ɓangaren asibiti, don a sashen ido nake aiki. Gogan Waya, tambayarka ta "wa ya makance" ita ce ke yaudarar mutane. Ƙunar rana a ido ba ta sa mutum ya koma lalube da sanda. Abin da take ci shi ne tsakiyar gani. A bayan ido akwai wani tantani mai karɓar haske, retina, a tsakiyarsa kuma akwai ɗan wuri da shi muke karatu, da shi muke gane fuska, da shi muke zura zare a allura. Duk abin da ka ƙura wa ido, nan hotonsa ke sauka. To nan ɗin rana ke lalatawa. Mutum zai ci gaba da tafiyarsa, yana gani ta gefe, amma duk kalmar da ya kalla sai ya ga wani tabo ya zauna a kanta, ko layin da yake miƙe ya ga ya lanƙwashe, ko launi ya sauya masa. Wanda ke kusa da shi ba zai gane komai ba. Shi ya sa ba ka jin labarinsu.

Abu na biyu, retina ba ta da jijiyar jin zafi. Ba za ka ji komai ba lokacin da abin ke faruwa. Alamun kan bayyana bayan wasu sa'o'i, wani sai ya kwana ya tashi. Kuma ɓarnar ba ta zafi kaɗai ba ce, hasken shuɗi mai ƙarfi yana haddasa wani sauyin sinadarai da ke kashe ƙwayoyin gani ko da wurin bai ɗau zafi sosai ba.

Gogan Waya: To Anti, ai ana warkewa ko?

Anti Nas: Da yawa suna samun sauƙi cikin wata uku zuwa shida, wasu kuma tabon ya zauna musu ke nan. Babu wani magani ko tiyata da aka tabbatar yana gyara shi, jira ake yi a ga abin da jiki zai iya. Bayan kusufin 21 ga Agusta 2017 a Amurka, likitoci a New York sun wallafa labarin wata matashiya da ta kalli rana. Da suka ɗauki hoton bayan idonta da na'ura, sai ga tabon da siffar jinjirin wata, daidai siffar da rana take a lokacin da ta kalle ta. Ita kanta da aka ce ta zana abin da ke tare mata gani, siffar ta zana. Wannan fa ba ta cikin lensi mai janyo nesa ta kalla ba.

Ɗan Koyo: Subhanallahi. To baƙin tabarau fa, ko in haɗa biyu?

Baba Mai Hoto: Ko goma ka haɗa. Baƙin tabarau na yawo yana barin wajen kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na haske ya wuce. Filtar rana ta gaskiya kashi ɗaya cikin 100,000 take bari. Ka ga tazarar.

Mai Walda: Ni ina da gilashin walda, da shi nake kallon wutar da ta fi ƙarfin ido kullum. Ba zai yi ba?

Malamin Fiziks: Ya danganta da lambarsa. Don kallon rana da ido kawai, hukumar sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta ce lamba 12 ko sama da haka, an fi ambaton 14. Yawancin wanda ke cikin hular walda bai kai haka ba, ka duba lambar da ke rubuce a gefensa kafin komai. Sannan izinin na kallo da ido ne kawai, ba a haɗa shi da kyamara ko madubin hangen nesa kana leƙawa. In ka ɗora shi a gaban lensi kuma hoton zai fito kore, ba kaifi, don ba a goge gilashin don hoto ba.

Mai Walda: Nawa 10 ne ashe. Amma Anti, ciwon idon da wutar walda ke sa mana, kamar an zuba yashi, shi ne wannan?

Anti Nas: A'a Malam, daban ne. Naku hasken UV ne, wanda ido ba ya gani, ke ƙona fatar gaban ido. Yana da azaba, hawaye, ba a iya buɗe ido, amma galibi kwana ɗaya zuwa biyu ya warke. Na rana a can baya yake, ba ya ciwo, kuma shi ne mai zama.

Hajiya Mai Studiyo: Ni abin da nake amfani da shi filtar ND ce mai mataki 10, wadda ake ɗaukar ruwa mai gudu da ita. Duhunta ya kai ba ka ganin komai ta ciki. Na ɗauka ta wadatar.

Baba Mai Hoto: Hajiya, nan ne ƙwararru ma ke faɗawa. Mataki 10 yana rage haske kusan sau 1,000. Rana tana buƙatar mataki 16 zuwa 17. Amma ba ma wannan ne babban abin tsoron ba. ND an yi ta ne don ta rage hasken da ake gani. Babu wanda ya yi miki alkawarin tana tare infurared, wato hasken zafi da ido ba ya gani, ko UV. Sai ki leƙa ki ga rana ta yi sanyi gwanin daɗi, idonki ya saki, hudar ta ƙara buɗewa, ba ƙiftawa ba kau da kai, alhali wanda ba ki gani yana kwarara ciki. Da babu filtar ma da ƙyallin ya kore ki. Akwai ND mai mataki 16 da ake sayarwa don hoton rana, amma su kansu masu yin ta suna rubuta cewa a allo za a duba, kada a leƙa.

Hajiya Mai Studiyo: To ai ni tawa marar madubi ce. Abin da nake gani a kafar leƙe ɗan talabijin ne.

Injiniya_77: Idonki ya tsira ke nan, Hajiya, don ɗan allon ba zai iya fitar da hasken da ya fi ƙarfinsa ba. Kyamarar ce za ta biya. A marar madubi sensa a buɗe take koyaushe, rana na kanta. Haka DSLR in aka sa ta a yanayin duba ta allon baya, madubin ya ɗage, sensa ta fuskanci rana. Bayan kusufin 2017 kamfanin Lensrentals na Amurka, masu ba da hayar kayan hoto, sun nuna hotunan kayan da aka dawo musu da su: fukafukan ƙofar haske sun narke, labulen shota ya ƙone, madubi ya yi tabo, har da babban lensi mai 600mm. Tsofaffin kyamarori masu labulen ƙyalle ma, irin su Leica, an daɗe da sanin rana na huda musu labule in aka bar su ba murfi suna kallon sama.

Ɗan Koyo: Na samu dabara. Akwai tabaran kwali na kallon kusufi a wajena, mai rubutun ISO 12312-2. In sa shi a idona sannan in leƙa?

Baba Mai Hoto: A'a! Wannan ya fi duk waɗanda ka faɗa haɗari, don zai sa ka saki jiki. An yi tabaran ne don hasken rana yadda yake saukowa, ba wanda lensi ya tara ba. Tararren hasken zai huda ledar, kuma idonka na manne a bayanta. Filta a GABAN lensi take zama, ita ce abu na farko da haske zai taɓa. Ba a baya ba, ba a tsakiya ba. Manyan lensuna masu aljihun saka filta ta baya ma bai halatta a dogara da aljihun ba, don kafin haske ya kai can ya riga ya taru. Haka 'yan filtocin da ake ɗaurawa a bakin leƙen madubin hangen nesa masu arha, zafi na tsaga su ba sallama.

Ɗalibar Taurari: In ƙara a kan maganar Baba. Filtocin da masu kallon sama ke amfani da su iri biyu ne galibi: gilashi mai rufin ƙarfe, da leda ta musamman irin ta Baader AstroSolar ko ta Thousand Oaks Optical. A kula da ta Baader, kala biyu ce. Mai lamba 5.0 ita ake sa wa a gaban na'ura a leƙa. Mai lamba 3.8 ta hoto ce zalla, tana barin haske mai yawa, ba a leƙawa ta cikinta. A ido kusan kama ɗaya suke, sai an karanta takardar. Kafin kowane amfani a ɗaga ta a gaban fitila a duba ko akwai huda ko karce. A ɗaure ta da salatif yadda iska ko hannun yaro ba zai cire ta ba. Wanda ke da madubin hangen nesa kuma kada ya manta ɗan ƙaramin na saiti da ke gefe, a rufe shi, shi ma lensi ne.

Gogan Waya: Ai dama an ce Galileo haka ya makance.

Ɗalibar Taurari: Yaya, wannan labarin bai inganta ba. Galileo ya yi nazarin ɗigon rana wajen 1612, bai makance ba sai wajen 1638 yana da shekara saba'in da wani abu, kuma masana sun fi danganta abin da yanar ido ko hawan jinin ido. Yawancin aikin ma haska hoton ranar ya riƙa yi a kan takarda yana zanawa. Wanda ya ɗanɗana da gaske Isaac Newton ne. Ya kalli rana ta madubi yana gwaji, siffarta ta maƙale masa a ido har ya kulle kansa a ɗaki mai duhu kwana uku. Shi da kansa ya ba masanin falsafa John Locke labarin a wasiƙa a 1691.

Admin: Tarihi ya yi daɗi, amma a dawo kan tambaya. Masu waya sun fi yawa a zauren nan, a yi musu bayani.

Injiniya_77: Waya lensinta ƙarami ne, allo kuma kake kallo, don haka ɗauka ɗaya da sauri ba abin tashin hankali ba ne. Haɗarin yana wajen saiti. Ka ɗaga waya sama, ƙyalli ya hana ka ganin allo, sai ka riƙa leƙawa ta gefen wayar kana neman ranar da idonka, sau biyar sau goma. A nan ake ƙonewa. Na biyu, masu manna wa waya ɗan lensin janyo nesa, ko su kara ta a bakin madubin hangen nesa. Da ka yi haka ka koma dokar manyan kyamarori, filta a gaba. Kuma gaskiya hoton rana da waya ba filta farin tabo ne kawai, bai kai a sha wahalarsa ba.

Ɗan Koyo: To in ba zan leƙa ba, yaya zan nemo ranar da 300mm? Ko wata ma wahalar kamawa yake min.

Baba Mai Hoto: Ka juya wa rana baya, ka kalli ƙasa. Kafa kyamarar a kan mai ƙafa uku, filta na ɗaure tun kana cikin inuwa. Ka riƙa juya ta kana duban inuwarta a ƙasa. Lokacin da inuwar lensin ta tsuke ta zama da'ira mafi ƙanƙanta, ya fuskanci rana. Sai ka duba allon baya, za ka same ta a ciki ko dab da shiga. In lensin zum ne ka fara da faɗi sannan ka janyo. Fokas da hannu, ka ƙara girman hoton a allo ka saita a kan gefen ƙwallon ko a kan ɗigo. Ka rufe kafar leƙen da murfinta ko salatif, don hannu ya saba kai kyamara ido ba tare da shawara ba. Rana tana gusawa kimanin faɗinta ɗaya duk minti biyu, za ka riƙa binta. In ka huta ka kau da kyamarar gefe.

Hajiya Mai Studiyo: Ni har yanzu maganar faɗuwar rana ce ban gamsu ba. Ba zai yiwu in ɗora filta mai duhun nan ba, ai komai zai baƙe sai ranar kaɗai.

Malamin Fiziks: Gaskiyarki Hajiya, ba a yin hoton faɗuwar rana da filtar rana. Idan tana dab da ƙasa haskenta yana ratsa iska mai kaurin da ya ninka na tsakar rana fiye da sau 30, shi ya sa take ja take laushi. Sai dai iskar ta fi cin shuɗi, infurared ya fi samun wucewa, kuma babu wani ma'auni a idonki da zai ce miki yanzu ta yi sanyin da ya isa. Hazo da siririn gajimare ma haka suke ruɗi. Da lensi mai faɗi, a ɗauka da sauri, ba a ƙura mata ido ba, haɗarin kaɗan ne. Da mai janyo nesa, a allo kawai.

Baba Mai Hoto: Ni ko da mai faɗin ne allo nake cewa. Me za a rasa?

Injiniya_77: Baba, wannan kuma tsanani ne. In haka ne rabin hotunan duniya ba za a yi su ba.

Baba Mai Hoto: Za a yi su mana, a allo.

Gogan Waya: To kusufi fa? Na ga hotuna an cire filta.

Ɗalibar Taurari: Wannan a cikakken kusufi ne kaɗai, lokacin da wata ya rufe rana ruf, kuma sai kana cikin siririn layin da inuwar ke bi. 'Yan mintuna ne, iyakarsa wajen bakwai da rabi. Na 2 ga Agusta 2027 zai bi ta kudancin Sifaniya, Maroko, Aljeriya, Tunisiya, Libiya, Masar, Saudiyya da Yaman, a kusa da Luxor ta Masar zai haura minti shida. Wanda ke wajen layin, in zai gani, rabin kusufi zai gani, shi kuma filta ba ta sauka daga farko har ƙarshe. Haka mai zobe, wanda gefen rana ke saura. Ko kashi ɗaya cikin 100 ya rage, yankin da ya ragen ƙarfinsa bai ragu ba, ƙyallin da ke sa mutum kau da kai ne ya ragu. Masu cire filta a cikakke kuma agogo suke sawa, su mayar da ita kafin ɗigon farko ya ɓullo.

Anti Nas: A kula da yara musamman. Gilashin cikin idonsu garau yake, haske ya fi ratsa shi, ga su da son leƙa duk abin da babba ya kafa. Kada a bar kyamara ko madubin hangen nesa a tsaye a rana ba kowa a wajen. Wanda aka ɗiga wa maganin buɗe ido a asibiti shi ma ya kiyayi rana a ranar.

Baƙo_Shiru: Salam. Na daɗe ina karantawa ban taɓa magana ba. Ƙanena jiya da yamma ya leƙa rana ta kyamarata, ya ce bai daɗe ba. Yau ya tashi yana cewa akwai ɗan tabo rawaya a idon dama in yana duba waya. Ba ya jin ciwo. Mu jira ya wuce?

Anti Nas: Kada ku jira, ɗan'uwa. Siffar haske da ke maƙalewa bayan kallon fitila mintuna take yi ta tafi, wanda ya kwana ba ita ba ce. Ku kai shi wajen likitan ido yau, ba mai sayar da tabarau ba. Ku faɗa musu ainihin abin da ya faru, da lokacin, da irin lensin. In suna da na'urar OCT za ta nuna yadda bayan idon yake, a samu abin da za a riƙa kwatantawa da shi a watannin gaba, a kuma tabbatar ba wata cutar ba ce daban da ke buƙatar magani da gaggawa. Kafin nan kada ya ɗiga komai, kada ya yi tuƙi. Ka sa ya rufe idon hagu ya kalli layin rubutu da na dama kaɗai, ya gaya maka ko layin ya lanƙwashe ko wasu haruffa sun ɓace, ka rubuta ka tafi da shi.

Baƙo_Shiru: Na gode Anti. Ya ce haruffa biyu na tsakiya ba sa fita sosai. Yanzu za mu fita.